Tambaya da Amsa: Me ya sa 10 ke shiga gaban 9 idan na jera lambobi a Python?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ke riƙe wa maigidana lissafin albasa da tumatir a kasuwar Mile 12, nan Legas. Kowane rasit da lambarsa, kamar SK-2024-9: garin da aka yo lodi, shekara, sai lambar rasit. Sun kai 50,000. Ina so su jeru gari-gari, sabuwar shekara a sama. Amma sai in ga SK-2024-10 ta riga SK-2024-9, ga kuma jinkiri.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A wurin Python, wato harshen da kake ba kwamfuta umarni da shi, abin da ka ba ta rubutu ne, ba lissafi ba. Harafi bayan harafi take dubawa, da ta ga 1 a gefe guda, 9 a ɗaya gefen, ta yanke hukunci ke nan, ba ta ko kai ga sifilin ba.

Maganin shi ne ka yanka kowace lamba gida uku, ka mayar da biyun ƙarshe alƙaluma na gaske:

def mabudi(s):
    gari, shekara, lamba = s.split("-")
    return (gari, -int(shekara), int(lamba))

rasit.sort(key=mabudi)

Za ta fara da gari. Sai garuruwa sun zo ɗaya ta duba shekara, in shekara ma ta zo ɗaya ta koma kan lamba. Alamar ɗebewa da ke gaban shekara ita ke ɗora 2025 a kan 2024.

Batun jinkiri kuwa, ina kyautata zaton aikin kwatanta biyu-biyu ka rubuta da kanka, yana yanka rubutun duk lokacin da aka haɗa rasit biyu. Rasit 50,000 a hargitse na buƙatar kwatance kimanin 700,000, kowanne da yanka biyu. Da key kuwa, sau ɗaya tak ake yanka kowane rasit, a ajiye sakamakon, kamar yadda ake auna buhu sau ɗaya a rubuta nauyinsa a jiki. Tun Python 2.4, a 2004, aka kawo wannan hanya, kuma ni ban ga dalilin bin wata ba. Masu amfani da Perl, wani harshen kwamfuta, sun daɗe da irin dabarar, har suna kiran ta da sunan Randal Schwartz.

Ɗebewa ba ta aiki kan haruffa. In kana son garuruwa daga Z zuwa A, ko dai ka juya alamomin alƙaluman ka sa reverse=True, ko ka jera sau biyu: da shekara da lamba tukuna, sannan da gari. Na biyun yana yiwuwa ne saboda tsarin jerawa na Python, wato Timsort, wanda Tim Peters ya rubuta a 2002, ba ya sauya wa abubuwan da suka yi kunnen doki matsayi.

Ka kula da rasit ɗin da aka shigar da gaggawa ana tsakar sauke kaya. Ƙaramin sk zai faɗa can bayan duk manyan haruffa, don haka ka sa s.strip().upper() kafin yanka. Rasit ɗin da lambarsa ta rasa ɗan layin nan (-) kuma zai tsayar da aikin baki ɗaya, gara ka ware irinsu gefe ka gyara da hannu, lissafin kuɗin mutane ne.