Mutanen Polahi da Bidiyon da Ya Hana Gwajin Jini

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena zai auri 'yar baffanmu bayan Babbar Sallah. Da na kawo maganar gwajin jini, sai Baffa ya nuna mini wani bidiyo a WhatsApp na wasu mutanen daji a Indonesiya da ake kira Polahi. Wai ba su san asibiti ba, komai nasu daga daji yake fitowa, suna auren junansu har wa da ƙanwa, amma ba a taɓa haifa musu mai naƙasa ba. Ya ce gwaji ƙaƙale ne na likitoci. Ni kuwa na binne ɗa da ciwon sikila, hankalina a tashe yake. Gaskiya ne abin da ke cikin bidiyon? Daga wata uwa a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan yaron, ya sa mai ceto ne.

Mutanen akwai su, ba tatsuniya ba ce. Suna zaune ƙungiya-ƙungiya a dazuzzukan lardin Gorontalo, arewacin tsibirin Sulawesi, musamman gefen dutsen Boliyohuto da yankin kogin Paguyaman. Sunan ya fito ne daga kalmar gudu a harshen Gorontalo, domin labarin da aka gada shi ne kakanninsu sun tsere cikin daji ne don guje wa haraji da aikin tilas na Turawan Holan. Jininsu ɗaya da Gorontalawan gari, waɗanda kusan dukkansu Musulmi ne, kuma wani kari na harshen suke magana da shi. Tun a ranar 23 ga Janairun 1942 Nani Wartabone ya jagoranci kifar da mulkin Holan a Gorontalo, amma su suka ci gaba da zamansu a daji.

Dogaro da kan nasu ma gaskiya ne, sai dai da gumi ake yin sa. Sukan sare ɗan fili, su bari ya bushe, su ƙone, su dasa rogo da dankali da ayaba da masara. Tokar ce takinsu, kuma ruwan sama mai yawa yana wanke ta, shi ya sa bayan 'yan shekaru gonar kan gaji, dole a koma wani wuri. Bukkarsu rumfa ce a kan dirkoki, an rufa ta da ganyen wani dangin giginya, sau da yawa ba bango.

Sai sagu, abincin da ake fitarwa daga cikin kututture. Bishiyar dangin tukurwa ce, a fadama take fitowa, kuma sai ta kai shekara 8 zuwa 15 kafin ta isa sara. Lokacin saran shi ne dab da za ta yi fure. In an makara ta fitar da 'ya'ya, ta riga ta shanye garin da ke cikinta, aikin ya tashi a banza. Ana tsaga kututturen gida biyu, a daddaka ɓargon har ya zama kamar dusa, a zuba ruwa ana murzawa a kan matata, farin ruwan yana gangarawa cikin kwami. A bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, gari ya rage a ƙasa kamar gasarar koko. Bishiya mai kyau takan ba da kilo 150 zuwa 300 na ɗanyen gari. In aka wanke shi da gurɓataccen ruwa ko aka bar shi ya yi funfuna, ciwon ciki ne. Kuma sitaci ne zalla, sinadarin gina jiki da ke cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka yaron da ba ya samun kifin rafi ko naman tarko tamowa ce ke jiran sa. Yau da yawansu suna saukowa kasuwannin ƙauye neman gishiri da tufafi, wasu suna yi wa masu haƙar zinariya dako.

Yanzu ga inda bidiyon ya yi ƙarya, kuma irin ƙaryar da ke kashe yara ce.

An daɗe ana ba da rahoton auren jini na kusa sosai a tsakaninsu, saboda ƙarancinsu da kaɗaicinsu. Amma wa ya ƙirga 'ya'yansu har ya ce babu mai naƙasa? A cikin dajin babu rajistar haihuwa, babu takardar mutuwa, babu awon ciki. Mai ɗaukar hoto yakan iske waɗanda ke da ƙarfin tsayawa gabansa ne kawai. Cikin da ya zube, da jaririn da ya koma kafin suna, da yaron da bai kai yaye ba, ba sa fitowa a bidiyo. Al'adarsu ma ita ce in an yi mutuwa sai su tashi daga wurin. Wanda ya je maƙabarta ba ya samun maras lafiya, wanda ya ƙirga rayayyu kawai ba ya samun matacce. Ganin mutum goma masu ƙarfi a hoto ba ya gaya miki yara nawa aka rasa kafin a samu goman.

Lissafin gado kuwa ba ya canzawa don an shiga daji. Wa da ƙanwa sun yi tarayya a rabin ƙwayoyin gadonsu, 'ya'yan wa da ƙani a kashi 1 cikin 8. Duk ɓoyayyen ciwon da kakan nan ɗaya yake ɗauke da shi, kusancin nan ne ke ƙara yiwuwar ya haɗu ta ɓangare biyu a jikin jariri. Sannan sikila ba ciwon Sulawesi ba ne, nasu cututtukan jinin daban ne, irin su talasimiya. Ko da a ce duk abin da bidiyon ya faɗa gaskiya ne, bai ce komai ba a kan Najeriya, ƙasar da kusan mutum 1 cikin 4 ke ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikila (S) daga ɗaya cikin iyayensa amma ba shi da ciwon. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yawancin masu yaɗa irin wannan bidiyo, a ƙarshensa za ki ga lambar waya da robar magani, wai yana mayar da SS, mai ciwon sikila, ya koma AA, wanda ba ya ɗauke da ƙwayar. Babu jiƙo, babu sassaƙe, babu hayaƙin da ke canza jinin da aka haifi mutum da shi. Cin dukiyar iyayen da ciwo ya riga ya ɗaiɗaita ne kawai.

A gaya wa Baffa da ladabi cewa ba auren zumunci ake yaƙa ba. Halal ne, aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta lissafa waɗanda aka haramta, 'yar baffa ba ta ciki. Bare da bare ma in duk AS ne, haɗarinsu ɗaya: kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS. Kowane ciki na ce. Ba wai in na farko ya zo da ciwon, ukun baya sun tsira ba.

Gidanku kuwa ya fi ƙarfin ƙila-wa-ƙala. Tunda kin haifi mai sikila, kina ɗauke da S, kuma daga ɗaya cikin iyayenki kika gada. Ƙanenki yana da aƙalla rabin yiwuwar ɗaukar sa. In ta wajen mahaifinku ya zo, Baffa ma yana cikin lissafin, 'yarsa kuma haka.

Su biyun su je ɗakin gwaji na babban asibiti. Su faɗa a fili cewa jinotayif suke so, ba rukunin jini na A da B da O ba, don mutane da yawa suna dawowa da takardar O suna murna alhali ba ita aka aike su ba. A yi gwajin ilektiroforesis, mai rarrabe AA da AS da AC da SS. Gwajin gaggawa da ake kira sikilin ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin C sam, alhali AS da AC suna iya haifar SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Wanda aka ƙara wa jini ya jira wata 3. A maimaita a wani asibitin daban, kowa ya karɓi sakamakonsa da hannunsa, kuma a yi duk wannan kafin a sa rana, tun lefe bai shiga gida ba.