Shiga Louvre da iyali a yini guda

Hajiya, kin ce kwana uku kacal gare ku a Paris ke da maigida da yara biyu, kina tambaya ko ya dace ku ware yini guda ku shiga gidan tarihi na Louvre, da kuma yadda za ku yi da hotunan tsiraicin da ake faɗa. Ya dace ƙwarai, amma ki cire rai da ganin komai. Kayan da ke baje a ciki sun kai kusan 35,000, kuma bayan awa biyu zuwa uku ido kan gaji, kowane zane ya koma kamar na bayansa. Ku zaɓi abu bakwai ko takwas, ku tsaya a gabansu da kyau.

Ranar Talata ba a buɗewa, kuma baƙi da yawa kan je su tarar da ƙofa a rufe. Sauran ranaku daga ƙarfe tara na safe ne zuwa shida, Laraba da Juma'a kuwa har tara na dare. Ku sayi tikiti a shafin gidan tarihin kansa tun kafin ku tashi, domin kowane tikiti da lokacin shigarsa, kuma na safe ne ke fara ƙarewa. Yaron da bai kai shekara 18 ba kyauta yake shiga, amma shi ma a yi masa rajistar lokaci, a riƙe fasfonsa. Jakar da ta wuce santimita 55 a tsawo ba ta shiga, ƙarama kuma akwai akwatunan ajiya kyauta. Idan jirgin ƙarƙashin ƙasa za ku hau, layi na 1 ko na 7 zai sauke ku a tashar Palais Royal, daga nan ku bi ta kasuwar ƙarƙashin ƙasa ta Carrousel, layinta ya fi na babbar ƙofar da ke dalar gilashi sauƙi a yawancin lokuta. A waje ku kula da masu miƙo takarda wai a sa hannu don taimakon nakasassu, hankali suke ɗaukewa a yanki aljihu. Ɗankwali da hijabi ba matsala, amma niƙabi doka ta hana shi a bainar jama'a a Faransa tun 2011.

Ginin ɓangare uku ne, Denon da Sully da Richelieu. Ku fara da Denon. Kuna hawa babban matakala za ku ga mutum-mutumin mace mai fukafukai, ba kai ba hannu, wanda aka tono a tsibirin Samotras na Girka a 1863. Kada ku tsaya a gabansa tsaye kawai. Ku koma gefensa na hagu, daga nan ne za ku ga yadda aka sassaƙa dutse ya zama kamar jiƙaƙƙen zane da iska ta manna a jiki.

Mona Lisa, zanen Leonardo da Vinci, tana ɗaki na 711, kuma gara ki shirya yara tun yanzu: ƙarama ce, santimita 77 da 53, a bayan gilashi, da cincirindon jama'a kowa ya ɗaga waya. Ku bi layi ku gan ta, sannan ku juya baya. Abin da ke bangon da ke fuskantarta shi ne zane mafi girma a gidan, walimar aure da mai zane Veronese ya zana a 1563, faɗinsa kusan mita goma, mutum sama da ɗari a ciki, da makaɗa da karnuka da masu ɗaukar abinci. Sojojin Napoleon ne suka kwaso shi daga Venis a 1797. Yara sukan ji daɗinsa in an ce su nemo kyanwa ko su ƙirga karnuka. A doguwar farfajiyar da ke ƙofar ɗakin kuma akwai wasu zane-zanen Leonardo ɗin da za ki matsa kusa da su ba turereniya, ki ga yadda yake narkar da inuwa a gefen baki da ido har ba a gane inda layi ya tsaya.

Wanda na fi so ku ba lokaci yana ɗaki na 700, zanen Géricault na kwale-kwalen Medusa. A 1816 wani jirgin ruwan Faransa mai suna Medusa da ke kan hanyar Senegal ya kafe a gaɓar Muritaniya. Manya suka shige ƙananan jirage, aka bar kusan mutum 150 a kan katakan da aka ɗaure, kwana 13 a teku, 15 kaɗai aka tsamo da rai. Ki fara daga nesa, kamar taku goma, ki bi jikkunan da ido daga gawarwakin da ke ƙasa zuwa sama, za ki ga wanda ke ƙololuwa yana kaɗa tsumma baƙar fata ne. Sannan ki nemi jirgin ceton, ɗan ɗigo ne a can bakin sararin. Ka'idar kallon babban zane ke nan, nesa tukuna, sannan kusa, allon bayani a ƙarshe. Wanda ya fara da karatu, rubutun yake kallo ba zanen ba.

Maganar tsiraici gaskiya ce, ba zan rage miki ba. Ɗakunan gumakan Girka da Rum da ke hawan ƙasa cike suke da shi, Venus ta Milo ma tsirara take zuwa ƙugu, shi kansa zanen Medusa akwai jikkuna a buɗe, haka wasu na kusa da shi. Ba za a iya kauce masa baki ɗaya ba, amma ana rage shi sosai da zaɓen hanya. Sashen fasahar Musulunci, wanda aka buɗe a 2012 a ƙasan Denon, akwai tasoshin tagulla masu ado da azurfa, da darduma, da fitilun masallaci na gilashi. A Richelieu akwai dutsen dokokin Hammurabi, sarkin Babila na da, da ɗakunan alfarma na zamanin Napoleon na Uku, a sama kuma ƙananan zane-zanen Holan na cikin gida, har da 'yar mai saƙa ta Vermeer. Ɗakin zane-zanen Rubens da ke wannan hawan kuwa ku wuce shi, akwai tsiraici a ciki. Ku yanke shawara da maigida tun a masauki, ba a tsakiyar ɗaki yara na tambaya ba.

In kun fita, tikitin ya mutu, don haka ku ci abinci a ciki ko ku jira ku gama. Ku shiga da tara, ku fito wajen ɗaya, ku hau layi na 7 kai tsaye zuwa tashar Place Monge, Babban Masallacin Paris yana nan kusa, da wurin cin abinci a jikinsa. Hoto an yarda, ban da walƙiyar kyamara da sandar ɗaukar hoton kai. Ku sa takalmi mara tsini. Idan kuma zane-zanen Monet da Van Gogh kike nema, sai gidan tarihi na Orsay a ƙetaren kogi, shi kuma Litinin yake hutu.