Amsoshin Tambayoyinku: Garin Fim na Ramoji da Kuɗin Jinya

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan wuri guda, wato Ramoji Film City da ke bayan garin Hyderabad a Indiya. Yawancin masu tambayar jinya ce ta kai su can, ko karatu.

Wani matashi daga Zariya ya rubuto: "Malam, zan raka yayana asibiti a Hyderabad. An ce akwai garin da ake yin fim a kusa. Me ake gani a ciki, kuma ya cancanci a kashe masa kuɗi?"

Ya cancanta, ɗan'uwa, na wuni ɗaya. Ramoji Rao, mai jaridar Eenadu ta harshen Telugu, shi ya buɗe wurin a 1996, kuma ya rasu a watan Yunin 2024. Manufarsa ita ce mai shirya fim ya shigo da labarinsa a takarda, ya fita da fim kammalalle ba tare da ya leƙa wani gari ba. Shi ya sa aka gina masa komai: tashar jirgin ƙasa, filin jirgin sama, asibiti, kurkuku, lambuna irin na sarakunan Mughal, da unguwa mai gidaje irin na Turai. Faɗin wurin eka 1,666 ne, kuma kundin Guinness ya sa shi a matsayin rukunin ɗakunan shirya fim mafi girma a duniya. Ba a zaga shi da ƙafa. Mota ce ke ɗaukar ku, mai bayani yana nuna muku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidajen nan. Daga cikin mota ka ga bene mai kyau da tagogi da baranda, ka ce gidan wani attajiri ne. Ka matsa kusa, ka ƙwanƙwasa bango, sai ka ji ƙarar katako da filasta. Da yawansu fuska ce kawai, babu ɗakin kwana a baya. Wanda ya taso yana kallon fina-finan Indiya tun zamanin kaset, ranar nan zai gane yadda ake yi masa dabara. Akwai kuma fadar da aka gina don fim ɗin Baahubali, wanda ya fito kashi biyu a 2015 da 2017, an bar ta domin baƙi. Nan mutanenmu suka fi daɗewa suna ɗaukar hoto. Yara suna da nasu ɓangaren na lilo, ga lambun tsuntsaye, ga wasan dambe da faɗowa daga bene da ake yi a gaban jama'a.

Wani kuma ya ce: "In na je zan ga Shah Rukh Khan?"

A'a. Mumbai yake zaune, kuma Hyderabad cibiyar fina-finan Telugu ce. Ko da ana ɗaukar fim ranar da ka je, killace wurin ake yi, ba a barin 'yan yawon buɗe ido su kutsa. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya haɗa ka da jarumi, cutar ka zai yi. Kada ka sake aiko mini da irin wannan.

Sai wasiƙar da ta ɓata mini rai. Wani magidanci daga Kano, wanda ya kai matarsa aikin tiyata, ya ce tafintan da ke yi musu hidima a asibiti ya yi masa tayin "kammalallen shiri" na mota da tikiti da abinci, a biya shi da dala. Yana tambaya ko ya karɓa.

Kada ka karɓa, Alhaji. Tikitin Ramoji da rupi ake sayar da shi, farashinsa a rubuce yake a shafinsu na intanet da kuma bakin ƙofa. Akwai na gama-gari, akwai mai tsada wanda ya haɗa da mota mai sanyi da abincin rana. Ka buɗe wayarka ka duba da idonka, ka haɗa da kuɗin tasi zuwa da dawowa, sannan ka gwada da abin da tafinta ya faɗa. Duk wanda ya ƙi rarraba maka lissafi, ya ce "duka a dunƙule ne", akwai abin da yake ɓoyewa a cikin dunƙulen. Ban ce duk tafinta macuci ba ne. Na san waɗanda suka kwana a bakin ɗakin tiyata tare da mutanenmu ba su karɓi ko sisi ba. Amma na taɓa zama da wani bawan Allah a masaukin majinyata yana nuna mini lissafinsa a bayan takardar magani: abin da ya biya wani ɗan tsakiya don wannan yawon ya ninka kuɗin ƙofa, kuma bayan kwana huɗu likita ya ƙara wa ɗansa gwaje-gwaje, sai da ya buga waya gida aka sayar da tumaki.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kuɗin jinya ba naka ba ne kai kaɗai. Gona aka jinginar, 'yan'uwa suka yi karo-karo, wata ƙila ta sayar da 'yan kunnenta. Kun san yadda canji yake a yanzu, kun san nawa ake zubawa kafin a sami dala ɗari. Mutum ya sauka a ƙasar waje, ya ga takardun rupi da yawa a hannu, sai ya manta da nairar da ta haife su. Yau garin fim, gobe kasuwar tufafin sari, jibi tsarabar agogo, kafin a sallami majinyaci aljihu ya yi fayau. Asibiti kuwa ba ya sanin uzuri. Ka ware kuɗin magani da na masauki da na ko-ta-kwana, ka ɗaure su. In an sallame ku, likita ya ce an gama, abin da ya rage shi ne na yawo. Kuma ko a cikin wurin, ku kula da shagunan tsaraba da masu ɗaukar hoto, nan ƙananan kuɗi ke zurarewa.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce, wadda ta yi wata biyu tana jinyar mahaifiyarta. Ta ce tsohuwar ta sami sauƙi, ita ce ma ke cewa a kai ta ta ga inda ake yin fim, amma ita 'yar tana jin tsoro, tana kuma jin kamar laifi ne a yi nishaɗi bayan irin wahalar da aka sha.

Ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa Mama lafiya. Babu laifi ko kaɗan. Wanda ya yi wata biyu yana kallon silin asibiti yana da haƙƙin ya ga furanni. Ki fara tambayar likitanta, in ya amince sai ku shirya. Wurin yana kan hanyar zuwa garin Vijayawada, tafiyar kusan awa ɗaya ce daga cikin gari, ko fiye in akwai cunkoso, don haka ku fita da sassafe. A watan Afrilu da Mayu zafin Hyderabad yakan haura digiri 40, ban yarda ki fitar da ita a lokacin ba; daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne iska ke da daɗi. A nan kam na yarda ki sayi tikitin mota mai sanyi, domin lafiyarta ce. Ki guje wa ranar Lahadi da ranakun hutu saboda turmutsutsu. Ki riƙe magungunanta da lema, ki tambayi keken guragu tun a ƙofa, kuma kada ki ce sai kun ga komai. In ta gaji da azahar, ku juyo gida.