Tambaya da Amsa: Na Yi wa Baffana Tsaurin Ido Ranar Idi Saboda Siyasa

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Garwa da ke arewacin Kamaru, shekaruna 31. Na yi jami'a na fito da digiri, amma da aiki ya ƙi samuwa sai na koma kan keken ɗinkin da na koya tun ina yaro. A goman ƙarshe na azumin bana, lokacin da kowane tela ke sa ran samun abin rufin asiri, wutar lantarki ta yi ta ɗaukewa har na kwana huɗu a jere ina taka keke da hasken wayata, kuma duk da haka kayan mutum tara suka kwana a hannuna ranar idi. Da wannan ɓacin rai na je gaisuwar Sallah gidan Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, kuma jigo ne na jam'iyya mai mulki a unguwarsu. Na tarar yana gaya wa baƙi cewa mu gode wa Allah da ya ba mu shugabanni masu hangen nesa. Na kasa haƙuri, na ce masa a gaban jama'a an haife ni ƙarƙashin shugaba ɗaya, na yi aure ƙarƙashinsa, ga shi ɗana ya shiga makaranta ƙarƙashinsa, kuma irinsu Baffa ne suka jawo mana. Ya ce in fita masa daga gida. Babbar Sallah na ƙaratowa kuma ba mu ƙara magana ba. Shin in je? Kuma don Allah, ƙasar nan ba mulkin jam'iyya ɗaya ake yi ba? Idan haka ne, me ya rage na amfanin katin zaɓe?

Daga wani mai karatu a Garwa

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka je, kuma kada ka jira ranar layya. Ka tafi tun yanzu da goro a hannu, a lokacin da babu baƙi a zaure, ka durƙusa ka ba shi haƙuri kan yadda ka yi magana da wurin da ka yi ta. Ban ce ka janye ra'ayinka ba, domin mafi yawan abin da ka faɗa game da ƙasa gaskiya ne. Kuskurenka shi ne ka tsinka mutumin da ya maye maka gurbin uba a gaban baƙinsa, ka kuma ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfin jigon unguwa.

Kafin ka tafi, yana da kyau ka san abin da idon tsararsa ya gani. A ranar 1 ga Satumban 1966 Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko kuma ɗan garinku, ya narkar da jam'iyyun ƙasar cikin guda ɗaya mai suna UNC, kuma daga nan har kusan shekara ashirin da biyar babu wata ƙofar shiga harkar jama'a sai ita. Ahijo ya miƙa mulki ga Paul Biya a watan Nuwamban 1982, ba a jima ba suka ɓata, sannan a ranar 6 ga Afrilun 1984 wasu sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa, galibinsu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde bai yi nasara ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya dasa tsoron da har yau bai gama fita daga zukatan dattawanmu ba: an harbe mutane da dama bayan shari'ar soja, an kulle wasu shekara da shekaru, wasu suka tsallaka Najeriya, shi kuwa Ahijo ya rasu a Dakar a 1989 kuma can kabarinsa yake har yanzu. A 1985 aka sauya wa UNC suna a taron Bamenda ta koma RDPC, wato jam'iyya mai mulkin da Baffanka ke ciki. Mutumin da ya ga maƙwabta sun ɓace a wancan lokaci, idan ka ji yana cewa a gode wa Allah da zaman lafiya, ba lalle ne cikinsa yake karewa ba, mai yiwuwa abin da ya tuna ne yake magana. Wannan bai wanke shi ba, amma ya isa ya sa ka sassauta murya.

Game da tambayarka ta biyu, a takarda Kamaru ta bar tsarin jam'iyya ɗaya tun watan Disamban 1990, kuma yau jam'iyyun da ke da rajista sun kai ɗaruruwa. A aikace kuwa, jam'iyya guda ta ɗauki kujeru 152 daga cikin 180 na majalisar dokoki a zaɓen 2020, an cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa daga tsarin mulki a 2008, kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa mambobin hukumar zaɓe ta ELECAM da sanatoci 30 daga cikin 100. Sarakunanmu ma, tun dokar 1977, mataimakan hukuma ne a idon doka, kuma daga 2013 gwamnati ke biyansu alawus na wata, sefa 200,000 ga mai daraja ta ɗaya, 100,000 ga na biyu, 50,000 ga na uku. Saboda haka wanda ya kira wannan mulkin jam'iyya ɗaya bai yi nisa da gaskiya ba. Sai dai ina so ka lura cewa wannan rinjaye ba daga sama ya faɗo ba, ƙa'idoji ne da ake iya karantawa suka gina shi, kuma akwai shekarar da ya kusa rushewa.

Shekarar ita ce 1992, kafin a haife ka. A zaɓen 'yan majalisa na watan Maris RDPC ta sami kujeru 88 kacal, ba ta kai rabi ba, yayin da jam'iyyar adawa ta UNDP ta Bello Buba Maigari ta kwashi 68, mafi yawansu daga nan arewa, alhali jam'iyyar SDF ta John Fru Ndi ta ƙaurace wa zaɓen baki ɗaya. Abin da ya cika wa gwamnati rinjaye shi ne kujeru shida na MDR, jam'iyyar Dakole Daisala, ɗan jihar Arewa Mai Nisa wanda shi kansa ya sha ɗauri bayan 1984. A zaɓen shugaban ƙasa na watan Oktoba kuma, bisa sakamakon da hukuma ta bayyana, Biya ya sami kusan kashi 40 cikin ɗari, Fru Ndi kashi 36, Bello Buba kashi 19. Ka haɗa na biyun nan na ƙarshe da kanka. Tun da zagaye ɗaya ake yi a ƙasarmu, wanda ya zo na farko ya ci ko da bai kai rabi ba. Ka kwatanta da Senegal a shekarar 2000, inda shugaba mai ci Abdu Diouf ya zo na farko a zagayen farko, amma da aka je na biyu 'yan adawa suka taru bayan Abdullahi Wade suka kawo ƙarshen mulkin shekara arba'in na jam'iyya guda. Da dokarmu ake amfani da ita a Dakar, da Diouf ya zarce.

Na daɗe a kan wannan ne don ka ga cewa ba Baffanka kaɗai ya shiga inuwar gwamnati ba. Bello Buba ya karɓi muƙamin minista a 1997 ya zauna har 2025. Isa Ciroma Bakari, wanda matasan Garwa suka yi wa ruwan ƙuri'u a zaɓen shugaban ƙasa na 2025, ya yi shekara goma yana ministan sadarwa, yana kare gwamnati a gaban 'yan jarida, sannan ya ci gaba da zama minista a wata ma'aikatar kafin ya ajiye aiki a watan Yunin 2025. Idan ka iya yafe wa waɗannan har ka bi su rumfar zaɓe, ban ga dalilin da zai sa ka kasa zama a tabarma ɗaya da dattijon da iyakar rabonsa atamfar jam'iyya da kujerar gaba a wurin taro ba.

Yanzu ga batun kati. Ba zan yaudare ka in ce ƙuri'arka za ta isa inda aka nufa da ita ba tare da an taɓa ta ba. A zaɓen 12 ga Oktoban 2025 majalisar tsarin mulki ta ba Biya kashi 53.66, ta ba Isa Ciroma kashi 35.19, shi kuwa ya yi watsi da sakamakon ya ce shi ya ci, aka yi zanga-zanga a Garwa da Duwala da wasu garuruwa, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Amma ko a lissafin hukuma, wannan ne mafi ƙarancin abin da shugaban ya samu tun 1992, domin a 2018 kashi 71 aka ba shi. Wani abu ya motsa, kuma waɗanda suka yi layi a rana ne suka motsa shi.

Abin da ke damuna da matasanmu shi ne hankalinsu kacokan yana kan kujerar Yawunde, wadda ake zaɓenta sau ɗaya a shekara bakwai, sun manta da zaɓen da ya fi kusa da hannunsu. Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 360, kuma kansilolinsu ne ke zaɓen magajin gari, su ne ke zaɓen mafi yawan 'yan majalisar jiha, da su ake zaɓen sanatoci 70 ɗin da ba naɗa su ake yi ba. Dokar kuma ta ce jerin 'yan takarar da ya haura rabin ƙuri'u ya kwashe kujerun duka, wanda shi ne sirrin yadda ƙaramin rinjaye a akwati ke zama babban rinjaye a zaure. Wannan wuƙa kowa tana iya yanka masa. A watan Disamban 2020 RDPC ta ci majalisun jihohi tara daga cikin goma, ta goman ita ce Adamawa, inda UNDP ta karɓe, saboda tun a watan Fabrairun shekarar ta riga ta ci kansiloli masu yawa a Ngawundare da kewaye. A ƙaramar hukuma rumfunan zaɓe ba su da yawa, kowa ya san kowa, kuma jam'iyyar da ta shirya tana iya ajiye wakili a kowace rumfa ya zauna har a gama ƙirga a idonsa, ya sa hannu, ya karɓi kwafin takardar sakamako. Wa'adin kansilolin da aka zaɓa a 2020 ya kamata ya ƙare a 2025 amma aka tsawaita shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa masu mulki ba su raina wannan zaɓe kamar yadda kuka raina shi ba.

Kada in yi maka alkawarin da ba nawa ba: magajin gari ba zai kawo maka wuta ba. Jihohin arewa uku sun dogara ne galibi ga madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, lokacin da Garwa ba ta kai rabin yadda take yau ba, kuma ruwanta kan ja baya daidai lokacin bazara da azumi ya faɗo a bana. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage zafi, ba su kashe ƙishirwa ba. Wannan aikin gwamnatin tsakiya ne. Amma kuɗin rumfar da kake biya a kasuwa, da magudanar ruwan unguwarku, da rijiyoyin burtsatse, da takardar haihuwar ɗanka, duk a hannun ƙaramar hukuma suke. Ta ƙarshen nan ita ce tushen komai, domin ba a samun katin shaidar ɗan ƙasa sai da ita, kuma matasa da yawa a ƙauyukanmu sun kai shekara 20 ɗin da doka ta gindaya don yin zaɓe ba su da ko ɗaya. ELECAM kan buɗe rajista daga farkon Janairu zuwa 31 ga Agusta a kowace shekara, ta kuma rufe da zarar an kira zaɓe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Shagon tela majalisa ce, ka fi ni sanin yawan samarin da ke zama a bencinka daga la'asar zuwa isha. Ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya wa ke da kati.

Idan ka je wurin Baffa ya huce, akwai tambayar da za ka iya yi masa cikin ladabi wadda ta fi zargi amfani. Ka ce, Baffa, ku da kuke ciki, wa za mu gani kan magudanar nan kafin damina? Ko ya kai ka wurin wanda zai yi, ka ga unguwa ta amfana, ko ya yi shiru, kuma shirun zai gaya masa abin da ka so gaya masa ranar idi ba tare da ka buɗe baki ba.

Tambaya

Malam, ni uwar 'ya'ya biyar ce a Marwa. Duk Sallah sai wani ɗan siyasa ya aiko wa matan unguwarmu shinkafa da sukari da turmin atamfa. Ina karɓa domin ina da bukata, amma zuciyata ba ta tare da jam'iyyarsa. Shin na ci amana idan na zaɓi wani?

Daga wata mai karatu a Marwa

Amsa

Malama, ya danganta da abin da ya fito daga bakinki. Idan kyauta aka aiko aka ce barka da Sallah, kika ce an gode, babu wani alkawari a kanki, kuma doka ta ba ki damar shiga bayan labule ke kaɗai ki sa takardar da kika ga dama cikin ambulan. Idan kuwa aka ce sai kin rantse, ko aka nemi ki ba da katinki a ajiye miki, ko aka ce ki fito da takardun sauran 'yan takara a nuna shaida, to wannan ciniki ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Irin wannan ki mayar da buhun cikin mutunci, ki ce maigida bai yarda ba idan kina jin nauyin faɗin dalili. Katinki kuwa ki adana shi inda kike adana takardun haihuwar yara, kada ya kwana a hannun kowa, ko da shugabar matan unguwa ce ta zo da kanta.