Tambaya da Amsa: 'Yar wuƙar aljihu mai kayan aiki, wacce ta dace da mai yawo a babur?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni mazaunin Daura ne, ina sayar da taki da iri da maganin feshi, kuma kusan kullum ina kan babur tsakanin Daura da Mai'adua da Sandamu. Ƙanena da ke karatu a ƙasar waje ya ce zai riƙo mini tsaraba, ya turo hotunan irin 'yar jar wuƙar nan mai naɗewa, mai almakashi da sukudireba a ciki, ya ce in zaɓa. Akwai 'yar ƙarama kamar ɗan yatsa, akwai matsakaiciya, akwai wata ƙatuwa da aka ce aiki 33 take yi, sai kuma wata mai filaya. Don Allah malam, da gaske suna da amfani ko kayan gayun samari ne? Wacce zan ɗauka? Sannan a halin da ake ciki, ba zan jawo wa kaina magana a shingen bincike ba?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa ƙanen naka albarka. Ka ce masa ya kawo matsakaiciyar, idan kuma aljihunsa zai ɗauka ya haɗa da 'yar ƙaramar. Mai aiki 33 ɗin nan ka bar ta a hoto.

Dalilina ɗaya ne: irin wannan abu amfaninsa duk yana ga kasancewarsa a jikinka a lokacin da buƙata ta taso ba shiri. Ƙatuwar da ake kira SwissChamp ta haura giram 180, kaurinta ya wuce santimita 3. Ka saka ta a aljihun kaftani ka ga yadda rigar za ta rinjaya gefe guda. Mako biyu ba za a yi ba ta koma cikin durowa, ranar da zaren buhu ya ƙi warwaruwa a kasuwar Mai'adua kuwa tana gida. Ƙidayar 33 ɗin ma akwai wayon 'yan kasuwa a ciki, don har zoben rataya makulli da tsinken sakace an lissafa, ga abin kankare ɓawon kifi da ban ga abin da zai yi maka a hanyar Sandamu ba.

Asalin wuƙar daga ƙasar Suwizalan ne. Wani maƙerin wuƙaƙe mai suna Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a garin Ibach a 1884, a 1891 kuma ya fara kai wa rundunar sojan ƙasar wuƙa mai naɗewa. Kayan da ke jikin ta sojan huɗu ne kacal: wuƙa, da abin buɗe gwangwanin abinci, da sukudireba na kwance bindiga, da abin huda fata. A 1897 ya fito da wadda ta fi sauƙin ɗauka, ita ce kakar jajayen da kake gani a hoto, kamfanin kuma shi ne Victorinox na yau. Abin lura a nan, sojan da aka yi wa ita yana da bindigarsa da takobin bakin bindiga, ba a taɓa nufin wannan da faɗa ba. Mai filayar kuwa daga Amurka take, Tim Leatherman ne ya ƙirƙiro ta bayan wata tsohuwar mota ta wahalar da shi a tafiyar da ya yi cikin Turai a 1975, ta shiga kasuwa a 1983.

To bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya bisa aikinka.

'Yar ƙaramar, wadda suke kira Classic, tsawonta milimita 58 ne idan an naɗe, nauyinta giram 21 ko kusa da haka. Mutane kan raina ta, amma ita ce aka fi cirowa a rana. Wuƙarta ba wani abin kirki ba ce, iyakarta yanke zare, fasa leda, fiƙe fensir ko alƙalamin kara. Darajarta tana ga almakashi da matsefata. Almakashin yana yanke farce, yana rage gashin baki, yana datse zaren da ya zazzago daga aikin wuyan riga kafin a shiga masallacin Juma'a, yana yanka filasta daidai girman ciwo. Matsefatar kuwa, duk wanda ya taɓa shiga gona da kaka a ƙasar Daura ya san ƙarangiya da tsidau. Ƙayar ƙarangiya idan ta karye a yatsa, farce ba ya kama ta, allura kuma faɗaɗa ciwon take yi. A bakin abin goge farcen akwai ɗan sukudireba da ke ɗaure ƙusar tabarau ko buɗe bayan rediyo. Duk wannan yana rataye a makulli, ka manta ma da shi.

Matsakaiciyar tana da milimita 91, nauyinta wajen giram 60 idan mai hawa biyu ce, wato mai jeri biyu na kayan aiki. Ita ce ta mai sana'a irin taka. Babbar wuƙarta ta isa ta farke ɗinkin buhun taki, ta yanke igiya ko robar ɗaure kaya, ta ɓare lemo da mangwaro, ta yanka kankana. Akwai ƙaramar wuƙa ta biyu, kuma shawarata ka ware su: babbar ta abinci, ƙaramar ta kayan shago. Kai da kake taɓa maganin feshi da irin da aka gauraya da magani, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wuƙar da ta yanke bakin robar maganin ciyawa kada ta taɓa goron da za ka kai baki, ko da an goge ta a gefen wando. Abin buɗe kwalba da na gwangwani kowanne bakinsa sukudireba ne, babba da ƙarami, suna ɗaure ƙusar madubi ko murfin batir. Ta baya kuma akwai wani tsinin ƙarfe mai kaifi a gefe ɗaya, aikin basilla yake yi. Da shi za ka ƙara huda a bel, ka huda jarka, ka ɗinke takalmin da ya tsinke a hanya, don yawancinsu akwai kafar zura zare a jiki.

Ga wurin da ƙanen naka zai iya kuskure. Matsakaitan iri biyu ne da suka yi kama sosai. Mai suna Spartan tana da wani murɗaɗɗen ƙarfe a baya wanda aka yi don zare toshiyar kwalbar giyar inabi. Mu nan ba mu da abin yi da shi, in ban da kwance ƙullin igiya da ya cije. Mai suna Tinker, a daidai wannan gurbin sukudireba mai bakin tauraro aka saka, irin wanda ƙusoshin babur da janareto da soket suke buƙata. Tinker za ka ce masa. Idan ba zai samo 'yar ƙaramar ba, to ya nemi Super Tinker, ita an ƙara mata almakashi.

Mai filayar fa? Kayan aiki ce ta gaske, filayarta tana kama notin da ya kwance, tana yanke waya, tana ciro ƙusa daga taya. Sai dai irin su Leatherman Wave sun kai giram 240, a kube ake rataya su a bel, mu kuwa masu kaftani da wando mai mazagi ba mu da inda za mu rataya. Mai gyaran sola ko mai haɗa dish ita ta dace da shi. Kai kuwa, filaya ta kasuwa da sifana lamba 10 da 12 da abin kwance fulogi a ƙarƙashin kujerar babur sun fi ta arha nesa ba kusa ba, kuma sun fi ta ƙarfi.

Sai iyakarta, don a nan ne mutane ke ji wa kansu ciwo. Waɗannan jajayen ba su da abin da ke kulle wuƙar idan an buɗe ta. Wani ɗan sifirin ne a gadon baya yake riƙe wuƙar a buɗe, ƙarfinsa kuma na hana ta lilo ne kawai. Muddin kana yanka ta bakin kaifi lafiya lau, don matsin yana ƙara buɗe ta ne. Da zarar ka soka tsininta a abu mai tauri ka danna, ko ka murɗa don huda, sai ta naɗe a kan yatsunka. Huda aikin basillar baya ne. Kada ka ɓanɓare murfin fenti da wuƙar, tsinin zai karye, babban sukudireban ne na wannan. Kada ka sare rake da ita. Kada ka taɓa wayar da ke da wuta, ƙarfen ciki a haɗe yake tun daga baki har gindi, robar da ke bayan ba kariya ba ce. Yanka kuma, ko na kaza ne, a nemi wuƙar yanka. Addini ya umarce mu da a wasa wuƙa a hutar da dabba, gajeriyar wuƙa mai naɗewa kuwa azabtarwa za ta yi. Wuƙar maƙeranmu mai kube tana nan da matsayinta ranar layya, babu wata ta Turai da za ta karɓe shi.

Abu guda da ba a cika faɗa ba: almakashin farce da matsefata da tsinken sakace na mutum ɗaya ne. A majalisa za a ce "ɗan ba ni in rage farce", kunya ta hana ka hanawa. Ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi, ɗan abin da ido ba ya gani ya isa. Idan ka ba da aro, ka wanke da sabulu ka goge da sifirit kafin ka sake kai shi jikinka.

Yanzu maganar shinge, wadda na san ita ce ta fi damunka. Jami'in da ya tare ka ba littafi zai buɗe ba, kallon abin zai yi ya kalle ka ya kalli wurin da lokacin. A jihar da ta sha fama da 'yan bindiga a karkara da kauraye a cikin gari, ba za a ga laifinsa ba idan ya tsananta. 'Yar ja mai almakashi a jikin makulli, ko Tinker a aljihun mai buhunan taki a bayan babur da rana tsaka, bayanin kansu suke yi. Baƙar wuƙa mai faɗi da ake fizgewa da babban yatsa ta kulle, irin wadda samari ke saye don burga, ita ce ke sa a ce ka sauka ka faka. Wannan ma wani dalili ne na zaɓen ƙarama. Idan za a caje ka, ka riga su faɗa: "Ranka ya daɗe, akwai 'yar wuƙar buɗe buhu a aljihuna." Ka bari su ciro da kansu, ko ka miƙa ta a naɗe. Kada ka taɓa cewa ta kare kai ce. Ba za ta kare ka ba, kalmar kuma ita ce ke mayar da kayan aiki makami a kunnen mai bincike.

Akwai wuraren da barinta a gida ya fi: taron siyasa, rumfar zaɓe (dokar zaɓe ta hana zuwa da makami), kotu, cunkoson hawan Sallah a ƙofar fada, da banki, inda ƙofar ma ba za ta bar ka ka wuce ba. Idan jirgi za ka hau daga filin Umaru Musa Yar'adua, ko Allah ya kira ka aikin Hajji, ka jefa ta cikin babbar jakar da ake aunawa. A jakar hannu karɓe ta za a yi. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka tsaurara wannan a duniya, har cinikin kamfanonin ya faɗi warwas, abin da ya kai ga Victorinox ya saye abokin hamayyarsa Wenger a 2005. Ƙanen naka ma ya kiyaye da wannan a ranar da zai taho.

Tunda daga waje za ta zo, da wuya a ba shi jabu idan ya shiga shagon kirki. Amma ga wanda zai saya a Babbar Kasuwar Katsina ko wurin 'yan gwanjo, jan launi da farar alama ba shaida ba ne. A buɗe babbar wuƙar a duba gindinta, ta gaske an buga Victorinox da Swiss Made (ko Switzerland a tsofaffin) a cikin ƙarfen. A rufe ta a saurara, ta gaske takan koma da ƙara "ƙyas", ba ta tsayawa a rabi. A girgiza wuƙar hagu da dama, kada ta yi lilo. Sai a gwada almakashin a kan zare ko leda, don a nan jabu ke tonuwa, taunawa yake yi maimakon yanka.

Kulawarta ba wuya. Ƙarfenta ba ya saurin tsatsa, ƙurar hunturu da yashin aljihu ne abokan gabarta, su ke shiga gaɓoɓin har ka ji tana ƙara idan ka buɗe. Ka tsoma ta a ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka yi ta buɗewa da rufewa a ciki, ka shanya ta bushe sarai, sannan ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ka goge ragowar. Man gyaɗa daskarewa yake yi ya tara ƙura. Idan taki ya taɓa ta ka wanke a ranar, gishirin taki yana cin ƙarfe ko wane iri ne.

Wajen washi kuma, kada ka kai ta wurin mai injin gurza ƙarfe. Zai cinye rabin wuƙar cikin minti ɗaya, zafin kuma ya kashe taurin bakin. Da gangan aka yi ƙarfenta da ɗan laushi don ya yi saurin karɓar kaifi. Dutsen washi mai santsi da ruwa ya isa, ka kwantar da ita ka ɗan ɗaga bayan kaɗan, ka ja kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Idan babu dutse, ka kife kofin tangaran, zoben gindinsa da ba a shafa wa ƙyalli ba yana yin aikin. Ka gwada a gefen takarda, idan ta ratsa ba ta yaga ba, ta yi.