Amsa: Kullum ana cire min kati kan saƙon da ban nema ba

Malam, wannan abun da ka ce kullum ka sa kati sai a zare naira 50 ko 100, yawanci wani subscription ne aka saka ka, irin na labaran ƙwallo ko caller tune, wani lokacin talla ce ta fito a allo mutum ya danna OK bai lura ba, ko yaro ya ɗau wayar yana wasa.

Fara danna *305#, lambar tsayar da irin waɗannan ce a duk layukan Najeriya, ka soke duk wanda ka gani. Sannan ka tura STOP zuwa 2442, DND kenan na hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa, yana hana saƙonnin talla shigowa, amma ka lura ba lallai ya cire wanda aka riga aka saka ka ba shi yasa na ce ka fara da 305.

In sun ci gaba da cirewa kira 300, lambar customer care ta kamfanin layinka, ka nemi a maido maka kuɗinka, kuma ka karɓi lambar ƙorafi, kar ka goge saƙonnin don su ne shaidarka. In suka yi biris kira NCC a 622, kyauta ne. Dan Allah kar ka ƙyale don kuɗin kaɗan ne, haƙƙinka ne.