Manhajar kuɗi, ta kyauta ko ta sata: wacce zan sa a kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce, na sayi kwamfuta don rubuta darussa da haɗa sakamakon jarrabawa. Mai gyara ya ce zai sa mini Microsoft Office ba sai na biya lasisi ba, ƙawata kuma ta ce akwai wata manhajar ta kyauta, ta halal. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki bi shawarar ƙawarki. Abin da mai gyaran zai sa miki kwafi ne da aka fasa makullinsa, kuma in kika tsaya a kansa za ki ga abin da yawancinsu ke fara yi: kashe manhajar tsaron kwamfutar, don kada ta kama fayil ɗin ta goge shi. To wa ya fasa makullin, me kuma ya cusa a ciki? Mai gyaran da kansa bai sani ba. Ta irin wannan hanya ake shigo da manhajojin da ke kwashe kalmomin sirri. Sunayen ɗalibai da makinsu amana ce a hannunki, bai kamata ki saka su cikin wannan haɗari ba.

Ta kyautar da ƙawarki ke nufi ina kyautata zaton LibreOffice ce, wadda aka kafa aikinta a 2010. Tana da Writer na rubutu, da Calc na lissafi, da Impress na gabatar da darasi, kuma tana aiki ko babu intanet. Tana buɗe fayilolin Word da Excel. Aibinta guda ne da zai iya ɓata miki rai: takardar da kika tsara da jadawali mai yawa, idan wani ya buɗe ta a Word, layi kan goce ko shafi ya ƙaru. Maganinsa shi ne ki mayar da takardar PDF kafin ki tura, matuƙar ba gyara za a yi mata ba.

Akwai kuma Google Docs, wadda ke adana rubutu da kanta yayin da kike yi, kuma malamai da yawa za su iya aiki a kan takarda ɗaya lokaci guda. Sai dai ta fi jin daɗin aiki da intanet mai ƙarfi, kuma fayilolinki suna zaune ne a rumbun kamfanin. In kuwa makarantarku ta dage sai Word, ki sayi ta gaskiya: Microsoft 365 ana biya duk wata ko duk shekara, Office 2024 kuma sau ɗaya ake biya. Ga aikin da kika lissafa, LibreOffice ta ishe ki.

Tambaya: Kwamfutata tana kan Windows 10, lafiyarta ƙalau, amma ta ƙi karɓar Windows 11. Dole ne in sayi sabuwa?

Amsa: Ba dole ba ne, ɗan'uwa, amma kada ka zauna haka. Windows ita ce babbar manhaja, wato wadda duk sauran ke hawa kanta, kuma Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar da ta saba tun 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum, shi ya sa mutane ke raina lamarin. Matsalar ita ce duk ramin tsaro da aka gano daga baya ba mai toshe maka shi, sai in ka shiga shirin ƙarin wa'adi na kamfanin, wanda shi ma na ɗan lokaci ne. Ka tuna muguwar manhajar nan WannaCry a watan Mayun 2017, da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da maganin ramin tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka ji jiki.

Abin da ke hana tsofaffin kwamfutoci hawa Windows 11 galibi shi ne rashin na'urar tsaro ta TPM 2.0 ko tsufan ƙwaƙwalwar injin, wato processor. Idan aikinka bai wuce rubutu da shiga intanet da kallon bidiyo ba, gwada Linux Mint ko Ubuntu, manyan manhajoji daga dangin Linux da ake sawa a madadin Windows. Kyauta ne, ana sabunta su, kuma za ka iya kunna su daga filash ka gani kafin ka goge komai. Ka duba ko firinta da Wi-Fi suna aiki. Amma in da Photoshop ko wata manhajar ofis da Windows kaɗai ta sani kake cin abinci, Linux za ta wahalar da kai, gara ka fara tara kuɗin sabuwar. Ko wanne ka zaɓa, kwashe fayilolinka zuwa wani wuri tukuna.

Tambaya: Sai na sayi manhajar kashe bairos?

Amsa: Ga mai amfanin yau da kullum, Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows ta wadatar, muddin kana barin ta ta sabunta. Ta kuɗi tana da amfani ga ofis mai kwamfutoci da yawa da ake son lura da su daga wuri ɗaya. Kada dai ka haɗa biyu suna gadi lokaci guda, kwamfutar za ta yi nauyi. Idan kuma wani shafi ya faɗo maka da jan rubutu yana cewa "an gano bairos, danna nan", kada ka danna, rufe shi kawai, tarko ne.